Rijiyar da Ba a Nuna wa Baƙi

Tun da ɗan ƙanwata Sani ya samu wayar nan mai faɗin fuska, ba ni da sakat a fadar shayin da shi da abokansa suke yi a ƙofar gidana. Kullum da la'asar sai an turo mini ita har hanci, wai in duba. Tsibiri ne, farin rairayi, itatuwan kwakwa sun sunkuya kan ruwa, wani saurayi baƙi kamar mu da farar riga yana dariya yana miƙa wa anasara kwakwa da tsinken sha a ciki. Suka ce ashe wannan ne aikin da na yi shekara da shekaru a Kurmi, can ƙasashen kudu, yawo a bakin teku ana biyana. Ni kuwa ba saurayin nake kallo ba. Gefen hoton nake kallo, ina tambayar kaina me aka yanke. Duk mai ɗaukar hoto ya san abin da ya juya wa baya.

Sani yana so ya tafi. Wai wani abokinsa ya gaya masa ana neman samari a irin waɗannan wurare, aiki babu wahala, sai fara'a da ɗan faransanci. Ban hana shi ba, gemunsa ya riga ya fito. Na ce dai kafin ya ɗaure kaya ya zauna ya ji daga bakin wanda gishiri ya cinye wa tafin ƙafa. Sunan tsibirin kam ba zan faɗa ba. Na san ku, ina rufe baki za ku danna shi a waya, kuma ban san wa ke can ɗaya gefen yana kallon abin da kuke nema ba. Aikin jagoran baƙi, wanda can suke ce wa gid, kashi biyu ne. Kashi ɗaya ka nuna wa baƙo abin da ya zo gani. Ɗayan, wanda ba ya fita a hoto, ka bi da shi ta inda ba zai ga abin da bai kamata ya gani ba. A tsibirinmu abin nan rijiya ce, kuma a kan idona aka rasa ta.

Na sauka Kurmi ne kamar kowane Bakurfaye ɗan ƙasarmu, shekarar da gero ya ƙi, na bar mata da goyo wurin tsohuwata a nan Filinge. Na yi dako a tashar jiragen ruwa, na sayar da tabarau da agogo a bakin teku. A nan ne wani dattijo da ke kwance injin kwalekwale ya ɗago kai, ya dubi tsagar fuskata, ya ce da Hausar gida, "Kai, ɗan wa kake can Hilinge?" Shi ne Baba Arzika, mutumin wajen Tondikandiya. Ya daɗe a can har ya auri ƴar tsibirin, Inna Akuwa, ya mallaki kwalekwale mai inji, yana kwaso masu yawon shaƙatawa daga gaɓa ya kai su tsibiri su wuni ko su kwana. Ya ce yana neman hannu. Ban amsa nan take ba. Sai da na zaga wurin ƴan gida masu sayar da nama na binciki halinsa, kowa ya ce laifinsa ɗaya ne, ya cika yarda da mutane. Na ce to, wannan ni zan cike masa.

Baƙin farko da aka bar ni da su wasu anasara ne, mata da miji. Suka shimfiɗa tawul a rairayi da rana tsaka, suka tuɓe, suka kwanta. Na zaci rashin lafiya ce. Na je na tsaya a kansu ina yi musu inuwa da jikina, kamar yadda za ka yi wa tsoho a gona. Mijin ya buɗe ido ɗaya ya kaɗa mini hannu in kauce. Can hadari ya taso daga teku, ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya, ni kuwa na ruga ina yi musu barka da ruwa, ina washe baki, har da nuna musu sama. Matar kamar ta yi kuka. Baba Arzika ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zaunar da ni ya ce mutanen nan rana suka zo nema, ruwan sama a garinsu ya ishe su. Na ji, amma ban gamsu ba. Na daɗe ina zargin akwai abin da suke saurare a ƙarƙashin rairayin nan, kwanciyar duk dabara ce. Gaskiya har yau ban gama sakin wannan zargi ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne in ka manta shi ranar ce zai neme ka. Adda mai kaifi ta saran kwakwa, wadda za ka iya fille kan kwakwar da ita a tafin hannunka ba tare da ka fille yatsa ba, kana yi kana murmushi don ana ɗaukarka hoto. Igiyar hawan itace. Rigunan nan masu ruwan lemo da ke hana mutum nitsewa, waɗanda babu baƙon da ke son sawa, sai ka yi ta lallashi kamar mai ba yaro magani. Tabarau na leƙa ƙarƙashin ruwa da bututun numfashinsu, kowanne sai an wanke shi a gaban mai sawa. Akwatin ƙanƙara. Lemun tsami da allura, don akwai wani abu a cikin duwatsu mai ƙaya kamar bushiya, in baƙo ya taka shi kai ne likita. Da man kaɗanya, don da yamma waɗanda suka zo neman rana sun same ta, bayansu ya yi ja kamar gauta, suna tafiya a buɗe kamar masu kaciya.

Hanyar yawon ma Baba Arzika ne ya tsara ta, ni na haddace. Da safe ka shiga da su kwalekwale ta cikin wasu itatuwa da ke tsaye a ruwa bisa saiwoyinsu, ka kashe inji, ka tura da gora, su ga birai da fararen tsuntsaye. Daga nan ka fita wajen duwatsu inda kunkurun ruwa ke ɗago kai ya shaƙi iska. In bai ɗago ba kai ne da laifi. Sai wurin da ruwa ya yi garau, su kifa ciki su kalli kifaye masu launi, kai kuwa kana tsaye a jirgi idonka a kan kowane bututu. Da azahar gasasshen kifi da acheke, dambun rogon can, a ƙarƙashin kwakwa, amma ka duba sama tukun, don kwakwa in ta faɗo ba ta sallama. Da la'asar ka zaga da su wani kangon gidan fatake na dā, da wurin matan da ke banda kifi, su sayi kayan ado na wuri da sarƙoƙi. Sannan ka jera su a bakin ruwa su kalli faɗuwar rana, wadda mu nan take faɗuwa kullum a bayan rumbu ba mai ɗaga kai. Duk wannan kana lura da teku, domin yana janyewa yana dawowa safe da yamma, kuma rairayin da kuka taka a bushe kafin cin abinci yana iya zama ruwa iya wuya bayan an gama.

Wata rana wani baƙo ya nemi zobensa ya rasa. Bai ce ni na ɗauka ba, amma idonsa ya laluba aljihuna tas, matarsa ta jawo jakarta ta rungume. Na tone rairayi da hannu har farcena ya yi jini. Ashe zoben yana cikin takalminsa, shi ya sa shi da kansa kafin ya shiga ruwa. Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata, a wurinsa magana ta ƙare. Tun daga ranar ban sake taɓa jakar baƙo ba sai da mai shaida. Ku da kuke ganin dariya a hoto, ku sani baƙo yana zarginka, kai ma kana zarginsa, kuma dukanku kuna murmushi.

To, rijiyar. Tsibirin nan gishiri ya kewaye shi ta ko'ina, amma a bayan ƙauyen masunta, cikin wasu duwatsu ƙarƙashin wani tsohon rimi, akwai rijiya gajera mai ruwa mai garɗi, sanyi kamar na randa. Da ita ƙauyen yake rayuwa. Dattawan wurin sun ga abin da ya sami tsibiran maƙwabta. Duk inda aka ji akwai ruwan sha, sai masu gina otel su zo da takardu daga babban birni, mutanen da kakanninsu ke binne a wurin kuma ba su da takardar komai. Don haka suka kafa doka, ba a kai baƙo bayan rimi. Mata su ɗebi ruwa da sassafe kafin jirgin farko ya iso. In baƙo ya tambaya, a ce masa daga gaɓa ake kawo ruwa a bido, wato jarka. Har jerin bidoji masu ruwan ɗorawa aka ajiye a mashigar jirgi don ido ya gani, yawancinsu babu komai a ciki.

Baba Arzika ne da kansa ya gaya mini dokar a makon farko, amma ya ce tana yi masa nauyi. Shi yaron makiyaya ne, ya taɓa ɓata a hanyar Abala yana ƙarami har harshensa ya kumbura, wata Bafillata ce ta ja shi zuwa rijiyarsu ba ta tambaye shi ko ɗan wa ba. Kun san yadda abin yake a ƙasarmu. Mutum yana iya hana ka hatsi a ce marowaci ne, amma wanda ya ɓoye wa matafiyi ruwa, har jikokinsa sai an yi musu gori. Ni dokar ba ta dame ni ba ko kaɗan. Daɗi ma ta yi mini.

Wani mutum ya zo mana da rani, shi kaɗai. Ba anasara ba ne, ɗan ƙasar ne daga babban birni, mai ladabi, har da ƴar gaisuwarsa ta Hausa da ya koya a wani wuri. Kowa in ya sauka tsibiri takalmi yake fara cirewa. Shi rufaffen takalmi ya sa, bai cire ba, don haka na sa masa suna Mai Takalmi. Na nuna masa birai, ya kalli ƙasa. Kunkuru ya ɗago kai dab da jirgi, abin da wasu ke yi wa ihu, shi yana kallon tudu. Ya tambayi sunan itatuwa, ya tambayi me ya sa ganyen can bayan ƙauye ya fi na nan kore. Na ce masa kashin awaki ne. Da ya ga bidojin nan a mashiga, sai ya ɗan taɓa ɗaya da ƙafa, ya ji ta yi ƙara irin ta wofi.

Na ja Baba Arzika gefe na ce, "Baba, mutumen ga ba kallo yak kawo shi ba."

Ya ce, "Kai Gado, kowa ɓarawo na gare ka. Ko limamin Hilinge ya zaka, sai ka laluba aljihunai."

Kashegari Mai Takalmi ya ce yana so a zaga da shi tsibirin da ƙafa, ta bayan, inda babu inuwa. Muka tafi mu uku, rana tana dukan kai. Ni na ga lokacin da ya tsiyayar da sauran ruwan gorarsa a kan wuyansa, amma kowa yana yin haka, ba abin da zan kama. Muna isa daidai inda ake hango kan rimin, sai ya zauna a kan dutse, ya dafe goshi, ya ce jiri yake ji, ƙishi zai kashe shi. Wurin da muka bar akwatin ƙanƙara yana da nisa. Rijiya kuwa tana nan bayan duwatsu, ko kira ka yi mai ɗiban ruwa zai ji.

Na ce, "Baba, bari in sheƙa in ɗauko mishi."

Ya dubi mutumin, ya dubi hanya, ya ce, "Kahin ka tahi ka komo ya hwaɗi. Ga ruwa nan kusa, ga mai ƙishi. Mi za ni ce ma Allah?"

Na ce to in je rijiyar ni kaɗai in kawo. Ba mu da moɗa, ba mu da ƙwarya, gorar mutumin kuwa ya riƙe ta gam ya ce zai iya takawa a hankali. Baba Arzika ya kama hannunsa ya miƙar da shi, kamar yadda Bafillatar nan ta kama nasa. Ina biye da su.

Na ga masu ƙishi a rayuwata, na san yadda suke shan ruwa, ba sa ɗagowa sai numfashi ya ƙare. Mai Takalmi ya kurɓa sau ɗaya, ya juya ruwan a baki kamar mai ɗanɗana miya, ya haɗiye. Sannan ya cika gorarsa, ya murɗa murfin da kyau, ya sa a jaka. Ya leƙa cikin rijiyar, ya ciro waya ya danna wani abu ya mayar. Jiri ya warke. A hanyar komawa shi ne a gaba. Na gaya wa Baba Arzika cewa kurɓi guda ya yi, ya ce to ai ya sha. Amma ranar bai ci acheke ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekara. Da farko wasu suka zo da abin awo mai ƙafa uku, suna kafa turaku masu jan fenti. Dattawan ƙauye suka haye gaɓa, ofis ya tura su ofis, suka dawo da gajiya. Aka ja waya aka kewaye rimin da duwatsun. Aka kafa inji, aka ɗora babban tanki a sama, aka gina ɗakuna masu rufin ciyawa irin waɗanda ke cikin wayar Sani, da wani tafki na siminti don baƙi su yi iyo, alhali ga teku a gabansu. An bar wa ƙauye famfo ɗaya a wajen waya, kuma an yi ta faɗin haka kamar kyauta. Otel ɗin ya zo da jiragensa da nasa jagorori masu fararen riguna, mu baƙi suka ɗauke mana ƙafa. Wannan duk da sauƙi. Injin nan yana zuƙa dare da rana, rijiya kuwa ƴar ƙarama ce, an saba ɗibarta da guga. Kafin damina ta zagayo ruwan famfo ya fara ɗanɗanon kanwa, daga nan ya koma gishiri sosai, ko sabulu ba ya kumfa da shi. Otel ya sayo wani injin da ke tace ruwan teku, bai rasa komai ba. Ƙauye kuwa ya koma kawo ruwa daga gaɓa a bido. Bidojin nan na mashiga da muke yi wa baƙi ƙarya da su, su ne aka wanke aka fara cikawa.

Ba wanda ya daki Baba Arzika, ba wanda ya zage shi. Da sun yi da ya fi masa sauƙi. Dangin matarsa suka daina amsa gaisuwarsa, in ya zo wurin gyaran taru sai hira ta mutu. Inna Akuwa ba ta bar shi ba, amma ta daina zuwa wurin banda kifi, don ba ta iya haɗa ido da ƴan'uwanta mata. Na ce masa mu tattara mu koma gida, ƙasarmu ba ta kore mu ba. Ya ƙi. Ya cire kujerun baƙi daga kwalekwalensa, ya mai da shi jirgin ruwan sha. Kullum da asuba ya haye gaɓa ya cika bidojin ƙauye, ya dawo ya sauke a mashiga, bai karɓi ko kuɗin mai ba. Ni nake tayar masa da inji, ni nake miƙa bido. Tsoho ne, bayansa ya lanƙwashe a kan aikin nan ina kallo, kuma abin ya ci mini rai ƙwarai, don ban taɓa sanin mutumin kirki kamarsa ba.

Ranar da zan baro tsibirin, bayan tsohuwata ta aiko cewa ƙarfinta ya ƙare, muna zaune a jirgi tsakanin bidoji na tambaye shi abin da na daɗe ina riƙewa. Na ce, "Baba, in da mutumen nan ya komo gobe yac ce ƙishi shika ji, kana ba shi?"

Ya gyara zaman wani bido. Ya ce, "Ina ba shi mana. Amma moɗa za ni riƙa yawo da ita."

A can ya rasu, a can aka binne shi. Na ji an ce mutanen ƙauyen duk sun fito jana'izarsa, kuma wanda ya gaji jirgin har yanzu ruwa yake ɗauka.

Yanzu ina da ɗan lambuna a cikin dallol, kwarin nan namu, albasa da rogo, kun san shi, ruwa a wurin ba nisa. Rijiyar tana can bayan shingen ƙaya, ba a ganinta daga hanya, kuma ba banza na haƙa ta a wurin ba. Ranin da ya wuce wata farar mota ta tsaya a bakin hanya, wani mutum ya fito da rufaffen takalmi, ya yi sallama da ladabi, ya ce ƙishi yake ji, ya kuma tambaya ko ruwa yana da zurfi a nan. Sani yana wurin, ya zabura zai ja shi zuwa rijiya. Na ce ya zauna. Na ɗauki moɗar da ke rataye a wuyan tuluna, na cika ta, na kai wa mutumin har bakin mota. Ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya shanye. Na koma na ƙaro, ya sake shanyewa, ya yi godiya, ya sa mini albarka, ya tafi.

Sani ya yi ta dariya, ya ce, "Kawu, wanga kam ƙishi na gaskiya shika ji."

Na ce na gani, shi ya sa na ƙara masa. Ruwa ya sha har ya ƙoshi. Rijiyar kuwa bai gan ta ba.